Babi na Biyar: Wannan Nonon na Ina Ne?

A ƙarshen watan Satumba, lokacin da manoman Faransa ke tsinkar inabi, wani abokin karatuna da ke zaune a birnin Dijon ya ɗauke ni a motarsa muka nufi kudu, wajen garin Beaune. Tun kafin mu tashi na gaya masa cewa ni Musulmi ne, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, kuma ba za ta shiga ba. Ya ce ya san da haka, gonaki zai kai ni in gani, tunda kullum ina damunsa da labarin noman garinmu.

Hanyar da muka bi ba ta fi kilomita 60 ba, daga Dijon zuwa Santenay, a yankin Burgandi. Tun shekarar 1937 aka shata ta musamman don baƙi masu zuwa ganin gonakin inabi. Tana ratsa ƙauyukan da ba su kai Zakka ko Runka yawan jama'a ba, amma sunayensu sun kai Tokyo da New York: Vougeot, Vosne-Romanée, Nuits-Saint-Georges, Pommard, Meursault. Hagu da dama kurangar inabi ce a jere kamar kunyoyin gero, an raba gonakin da gajerun katangun dutse. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ƙanƙantarsu. Gonar da ta fi kowace suna a yankin, Romanée-Conti, ba ta cika hekta biyu ba. A wajenmu wannan gayauna ce, irin wadda magidanci ke yanka wa ɗansa ya riƙa nomawa ranar Juma'a. Kowace gona tana da sunanta, kuma sunan ya girmi kakan mai ita. Sufayen Kirista na gidan ibadar Cîteaux sun yi aikin rarrabe gonakin nan tun ƙarni na 12, suna lura da inda ƙasa ta sauya launi, da inda ruwa ke kwanciya, da gefen da rana ke fara taɓawa. A shekarar 2015 hukumar UNESCO ta sa gonaki 1,247 na wannan yankin cikin kayan gadon duniya.

Mun tsaya a gidan wani manomi dattijo. Da muka gaisa na ji tafin hannunsa da kanta, sak na manomin Batsari a ƙarshen noman farko. Akwai baƙi kamar takwas da suka riga mu, ya sauka da su ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda gangunan katako ke jere. Ni na tsaya daga bakin ƙofa. Daga nan ina hango su: a zuba wa mutum ɗan kaɗan a kofin gilashi, ya ɗaga ya duba launi, ya juya shi, ya sunsuna, ya kurɓa, ya riƙe a baki, sannan ya tofar a wani bokiti. Sai kuma magana ta tashi, wannan ya faɗi abin da ya ji, wancan ya musa. Sun fi rabin sa'a a kan ganguna uku.

Da suka fito, dattijon ya aiki jikarsa ta kawo mini ruwan inabin da aka matse da safiyar nan, ɗanye, bai ko fara tsami ba. Sannan ya ja ni bayan gida, ya durƙusa ya ɗebo ƙasa daga wata gona, ya taka taku biyar ya tsallake wata 'yar hanya ya ɗebo daga ta kusa da ita. Ya buɗe mini hannayensa biyu. Ɗaya ja-ja ce mai tsakuwa, ɗaya ta fi duhu da danƙo. Abokina yana fassarawa, dattijon ya ce iri ɗaya ne aka dasa a gonakin nan, hannu ɗaya ke yi musu aiki, ruwan sama ɗaya ke sauka a kansu, amma abin da ke fita daga wannan ya ninka na waccan kuɗi, kuma wanda ya sani yana rarrabe su da harshe ko da an rufe masa ido. Suna da kalma guda da ta tattara wannan duka, terroir, wato ƙasa da ruwa da iska da hannun mutanen wuri in sun haɗu suka fito a cikin ɗanɗano.

Daga nan ya tambaye ni abin da muke sha a ƙasarmu. Na ce fura da nono. Ya ce na ina ya fi daɗi? Ban ko yi tunani ba na ce na Runka. Ya ce to, in mutum ya saya a babban birni, yaya zai gane cewa na Runka ne?

Na yi shiru. Shirun nan ne ya haifar da wannan babin.

Kafin in ci gaba, bari in share wata hanya. Hukuncin giya a addininmu a fili yake, kuma bai tsaya ga mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai matsawa da mai ɗauka da mai sayarwa. Ba ni da wata sha'awa ga abin da ke cikin gangunan nan. Duk ɗalibin makarantar zaure ya san labarin daren Isra'i, da aka miƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙoƙo biyu, ɗaya na giya ɗaya na nono, ya zaɓi nono. Mu zaɓinmu an riga an yi mana shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen can suka riƙe haram ɗinsu da daraja, suka san asalinsa gona-gona, mu kuma muka bar halal ɗinmu ba suna ba asali.

Ina yaro, duk hutun ƙarshen shekara a Safana nake yinsa, gidan goggona. Daga Dutsin-Ma ake juyawa yamma, tafiya kaɗan ka iso. Mijinta, wanda muke kira Baffa, dillalin shanu ne, saboda haka babu rugar da ke gefen dajin Rugu wadda ba a san shi ba. Wata asuba a cikin kaka ya ɗora ni a bayan kekensa muka bi ta wajen Runka. Gero ya riga ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, raɓa ta jiƙa mini ƙafafu sharkaf. Mun isa rugar rana ba ta gama fitowa ba. Hayaƙin da aka kunna wa shanu saboda ƙuda yana kwance a kan garke, maruƙa suna ɗaure a jere a igiya guda suna kuka.

Uwargidan ta fito da ƙwarya. Na lura cewa cikin ƙwaryar ya yi duhu, kuma tana ƙanshin hayaƙi, domin bayan an wanke ta an shanya sai an kifa ta a kan garwashi. Aka saki maraƙi ya kama nono, ya ɗan tsotsa har saniyar ta sako, sai aka janye shi aka ɗaure a gabanta tana lasarsa. Ana tatsa, ƙarar madarar a gindin ƙwarya ta fara da kaifi, sannu a hankali ta koma laushi yayin da kumfa ke tasowa. Farar saniya ce, Bunaji, mai baƙin kunne. Abin da aka samu daga gare ta bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Irin shanunmu, in an bar wa maraƙi rabonsa, da wuya ɗaya ta ba da abin da ya wuce lita biyu a yini.

Ba wannan madarar aka ba mu ba. Ta shiga bukka ta fito da ta jiya, wadda aka dafa, aka bari ta huce, aka zuba mata ɗan tsohon nono aka rufe da faifai ta kwana. Da ta ɗaga faifan, kindirmon ya kama gam, samansa da rawaya-rawayar maiƙo, ludayi ya shiga ya bar rami. Ta ɗauko curin fura biyu, ta farfasa da bayan ludayi tana damawa tana ƙara nonon kaɗan-kaɗan.

Baffa ya kurɓa, ya yi jim, ya ce, "Inna, shanun nan sun shiga harawa ko?"

Ta yi dariya ta ce, "Kwana ukku ke nan, Malam. Mai gonar gabas ya kwashe wake ya ce mu shiga."

"Na ji shi. Wancan zuwan da na yi ba haka yake ba."

"Wancan ai na damina ne, ruwa ne zalla. Sha, yaro, kada ka ji kunya. Wanga shi ka sa ƙiba."

Na sha. Tsamin bai kai ga ya sa ka runtse ido ba, akwai garɗi a bayansa, sai ƙanshin hayaƙin ƙwarya, sai citta da kanumfari da masoro da ke cikin furar suna tasowa daga baya su ɗumama maƙogwaro. Na sha fura a Kano da Zariya da Maraɗi da Makka, ban ƙara samun wannan ba.

Da na tsaya a bakin ƙofar dattijon Burgandi ina kallon masu sunsuna kofi, Baffa na tuna. Shi ma abin da yake yi ke nan, sai dai babu wanda ya taɓa kiran abin nasa ilimi. A kasuwa, in ya zo layin masu nono, sai ya karɓi ludayi ya ɗiga a bayan hannunsa ya lasa. Ya san wanda aka kaɗa aka cire wa mai ya zama tsala. Ya san wanda aka ƙara wa ruwa sannan aka zuba garin kwalba, wato farin garin 'ya'yan kuka, don ya yi kauri. Ya san wanda ya kwana biyu. Kuma ba shi kaɗai ba ne, kowace tsohuwa a Safana tana da wannan harshen. Muna da kalmominsa ma: garɗi, bauri, tsami, maiƙo, ƙauri, gafi, salam. Harshen da ya tanadi kalmomi haka don abin da ke cikin ƙwarya, masu shi sun daɗe suna lura.

Nono yana bin shekara kamar yadda gona ke binta. Da damina, shanu na cin ɗanyar ciyawa, harkiya da burburwa da kyasuwa tun tana ƙarama, madara ta yawaita amma ta yi ruwa-ruwa, man shanu ya fito rawaya. Da kaka, in sun shiga gonaki suna cin harawa da karan gero da ragowar dawa, madarar ta ragu ta yi kauri, kuma a ganina wannan ne lokacinta. Da bazara kuwa sai makiyayi ya hau bishiya da adda yana sassabo ganye, yara suna kakkaɓo 'ya'yan gawo, nono ya yi wuya ya yi tsada. Gawo bishiya ce mai saɓa wa sauran, tana zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, saboda haka duk gonar da ke da gawo tana ciyar da saniya a lokacin da babu komai, saniyar kuma ta bar mata taki. Haka gero yake. Furar geron jigawa mai yashi daban take da ta geron da aka noma a ƙasa mai laka, kuma matan da ke daka sun san wanda ke ba da curi mai danƙo. Duk abin da dattijon nan ya nuna mini a tafin hannunsa, akwai shi tsakanin Ruma da Runka.

Wannan yankin tsohuwar hanya ce. A shekarar 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zai tafi Sakkwato, ya bi ta Kuraye da Kurfi ya sauka Zakka, daga nan ayarinsu ya keta dajin zuwa wajen Zurmi cikin fargabar mahara. Ruma kuwa garin mayaƙa ne, sunan jaruminsu Ɗanwaire har yau yana bakin mutane, kuma Sarkin Ruma ne ke riƙe da ƙasar Batsari kamar yadda Yariman Katsina ke riƙe da Safana. Dajin ya sha zama mafakar tsoro, ya kuma sha zama makiyaya. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, kuma dajin Ruma da Kukar Jangarai yana cikin wuraren farko da aka gwada wannan tsarin, aka haƙa madatsun ruwa don shanu, aka kawo ma'aikatan dabbobi. Wato an taɓa yin lokacin da hukuma ta kalli dajin nan ta ga madara.

Shekara biyu bayan wucewar Barth ta Zakka, a 1855, Sarki Napoleon na Uku ya sa dillalan Bordo suka jera gonakin inabin yankinsu daraja-daraja saboda baje kolin duniya da aka yi a Faris. Jerin nan har yau da shi ake ciniki, kusan ba a taɓa shi ba. Amma kada mai karatu ya ɗauka cewa abin ya zo musu a sauƙaƙe. Daga 1863 wani ɗan ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya kama saiwar inabi, cikin shekara talatin ya cinye mafi yawan gonakin ƙasar. Ba su tsira ba sai da suka koma yin aure tsakanin saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, da reshen nasu. A daidai wannan zamanin ne, wajen 1890, annobar bushiya ta share garkunan Fulani daga Borno har Sakkwato. Kowa da irin jarrabawarsa.

Abin da ya biyo bayan ƙwaron shi ne ya fi kama da halin da muke ciki. Da kaya ya yi ƙaranci, sai 'yan algus suka cika kasuwa da jabu, ana haɗa ruwa da sukari da busasshen inabi da launi a sayar da sunan gonakin kirki. Da gonakin suka farfaɗo, manomi na gaskiya ya tarar ba zai iya gogayya da mai jabu ba, farashi ya faɗi ƙasa warwas. A 1907 manoman kudancin ƙasar suka yi bore, ranar 9 ga Yuni mutum fiye da dubu ɗari biyar suka taru a Montpellier. A 1911 na yankin Shamfen ma suka tashi. Daga wannan gwagwarmayar aka kai ga dokar 1935, wadda ta kafa hukumar kare sunan asali. Ma'anarta a taƙaice: suna dukiya ce ta mutanen wuri, ba mai sa shi a kan kayansa sai in a wurin aka yi, kuma ta hanyar da mutanen wurin suka amince.

To, je ka kowace tasha a Katsina ko Kano ka sayi fura da nono yau. Sau da yawa abin da ke cikin robar bai taɓa ganin saniyar Najeriya ba. Madarar gari ce da aka shigo da ita a buhu daga ƙetare, wani lokaci ma an cire mata man shanunta an maye da man itace, a dama da ruwa a sa mata tsami ta kwana. Ba na zargin matan da ke yin haka, da yawansu shanun gidansu ne suka ƙare, kuma dole a ci abinci. Abin da ke ci mini rai shi ne an bar mai saye cikin duhu, an kuma bar mai nonon gaske ba ta da abin da za ta kare kanta da shi. Kwanon da aka tatso da asuba a gefen Rugu da kwanon da aka dama daga buhu suna zaune a layi ɗaya, suna amsa suna ɗaya, kuma na buhun ya fi araha. Yaron da aka haifa a birni cikin shekarun nan zai girma yana zaton ɗanɗanon nono ke nan.

Dokar Faransa ba ta tsaya ga giya ba, kuma nan ne ta fi shafar mu. Cukun Roquefort ya samu kariyar suna tun 1925, kafin giyar ma. A tsaunukan Jura, gabas da Burgandi, ana yin wani cuku mai suna Comté, wanda aka ba kariya a 1958. Makiyayan ƙauye ne ke haɗa madararsu kullum a wurin sarrafawa na haɗin gwiwa, kuma sun yi ƙarnuka suna haka. Sharuɗɗan da suka ɗora wa kansu masu tsauri ne: nau'in saniya sananne, abincinta ciyawa da ingirici, madarar kuma daga cikin da'irar kilomita 25 za ta fito. Lita 400 ke ba da curi ɗaya mai nauyin kilo 40, kuma ba ya fita kasuwa sai ya yi aƙalla wata huɗu a ajiye. Saboda sunan yana da tsaro, makiyayin Jura yana sayar da madararsa sama da farashin sauran ƙasar, kuma baƙi na bin ƙauyukan suna kallon tatsa suna ɗanɗana cuku kamar yadda ake bin gonakin inabi. A garin Arbois na wannan yankin Louis Pasteur ya girma, kuma dabarar ɗumama abin sha don kashe ƙwayoyin cuta, wadda ya fito da ita wajen 1865, don giya ya fara yin ta. Yau madara ce ta fi cin moriyarta a duniya. Inna ta Runka, da take dafa madararta kafin ta kwantar da kindirmo, tana kan hanya ɗaya da shi, kuma duk mai son nononmu ya yi nisa dole ya riƙe wannan, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka da bakkale.

Ba sai mun je Turai ba ma. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi rajistar kilishinsu da albasar Galmi a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka, OAPI, kamar yadda Kamaru ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku a 2013. Galmi gari ne na Hausawa a kan hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni. Abin da Bahaushen Galmi ya iya, na Safana bai gaza ba.

Sai dai akwai abin da ya riga suna, shi ne hanya. Faransawa sun shata hanyar Burgandi, suka ƙara da ta Alzas mai kilomita 170 a 1953, domin sun gane cewa wanda ya taka ƙafa ya zo gonarka, ya ga hannunka, ya sha a gabanka, ya zama naka har abada. Baƙon nan yana kwana a ƙauyen, ya ci abinci, ya sayi tsaraba. Duk wannan yana tsaye ne a kan abu ɗaya, cewa mutum zai fita da iyalinsa ya bi ƙauyuka har faɗuwar rana bai waiwaya ba.

Mu wannan ne muka rasa. Abin ya fara da satar shanu, aka wayi gari makiyayin da ya gaji garke daga kakansa ba shi da ko maraƙi. Daga nan aka shiga ramuwar gayya, 'yan sa-kai na kashe Bafulatani a kasuwa saboda kamanninsa, 'yan bindiga na ƙone ƙauye saboda 'yan sa-kai, har satar mutane ta zama sana'a. Batsari da Safana suna sahun gaba cikin ƙananan hukumomin da suka fi ɗanɗana wannan masifar, tare da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar. A watan Afrilun shekarar, hare-hare a Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa suka ci rai 47. Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga daji neman sulhu a 2019, sulhun bai ɗore ba. A Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, kuma a 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa suka zauna sulhu da masu ɗauke da makamai.

A lissafin asarar da ake yi, ana ƙirga rayuka da shanu da kuɗin fansa, kuma su ne ya kamata a fara ƙirgawa. Amma akwai wata asarar da ba ta shiga takarda. Ƙwaryar fura yarjejeniya ce. Geron na Bahaushe ne, nonon na Bafulatana, ba ɗayan da ke cika ciki shi kaɗai yadda suke yi in sun haɗu. Mai gonar gabas da ya kwashe wakensa ya ce wa su Inna su shigo da shanu, taki yake nema, ita kuma harawa. Matar da ke ɗauko ƙwarya daga ruga tana shiga gidajen kulle har ɗaki, ta san mai jego, ta san amarya, ana ba ta bashi tana bayarwa. Ita ce jakadiyar da ke tsakanin daji da gari. Ranar da ta daina zuwa, ranar ce kowane ɓangare ya daina jin labarin ɗayan sai daga bakin maƙiya.

Na koma Safana bayan rasuwar Baffa. Na tambayi goggo labarin rugar nan. Ta ce, "Ɗana, sun tashi tun shekarun baya. An kore musu shanu, wasu sun ce sun yi kudu." Da la'asar ta aika aka sayo fura da nono don ta karrama ni. Ta ɗanɗana kafin ta miƙo, ta ajiye ludayin, ta ce, "Yi haƙuri, na gari ne."

In Allah ya zaunar da sulhun nan, aikin da nake gani ba ya bukatar biliyoyi. Matan rugage biyar ko goma su haɗa kai a wuri ɗaya mai rijiya da firji mai aiki da hasken rana. Su da kansu, tare da ardo da hakimi da likitan dabbobi, su yanke sharaɗi: madarar saniya zalla, daga rugagen da aka sani, a dafa ta, ba gari ba kwalba. A sa sunan wurin a kan murfin. Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana nan kusa, kuma auna tsabtar madara da rubuta yadda ɗanɗanonta ke sauyawa daga damina zuwa bazara aiki ne da ɗalibai za su iya. A yi hanzarin zama da tsofaffin da suka rage masu irin harshen Baffa, a ɗauki abin da suka sani tun suna raye. Haka za a yi wa zumar dajin, da man shanu, da daddawa, da rogon Batsari. In hanya ta yi lafiya, iyalan Katsina da Kano da ke neman wurin fita ranar Asabar za su zo da kansu, su zauna a tabarma a ƙarƙashin gawo, yaransu su ga inda nono ke fitowa.

Kai kuma mai karatu, akwai abin da ke hannunka tun yau. In ka tsaya sayen fura, gaishe da mai ita da kyau, sannan ka tambaye ta, "Inna, wannan nonon na ina ne?" In ta ce na shanu ne, ta kuma faɗi sunan rugar, biya ta abin da ta nema ba tare da ciniki ba, ka riƙe sunan, ka faɗa wa wani.